Wayata, Yatsan Kamilu

Jama'ar wannan shafi, ina gaishe ku. Da yatsa ɗaya nake buga wannan rubutu, don haka duk wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa, yau ba na karɓar gyara. Kai kuma Kamilu, na san sai ka karanta. To ka karanta da kyau, ba irin karatun da ka saba yi min ba.

Sunana Nasiha, shekarata ashirin da ɗaya, haifaffiyar unguwar Yelwa a nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Kakanmu fataucin yadi ne ya kawo shi daga Kano, har yau kuma Baba yana da shago a babbar kasuwa. Ina shekarar farko a wata makaranta mai zaman kanta inda ake koyar da lissafin kasuwanci. Sunanta ba zan faɗa ba. Sai da aka kai ruwa rana kafin Baba ya yarda na shiga, kuma da sharaɗi ya yarda: shekara ɗaya zai gwada ni. In na ci, in ci gaba. In na faɗi, boko ya ƙare, in dawo gida in zauna. Baba kuwa ba ya maimaita magana.

Ga inda gizo ke saƙar. A gidanmu budurwa ba ta riƙe babbar waya. 'Yar ƙarama mai tocila, wadda 'yan makaranta ke kira choronko, ita ce tamu. Babbar waya saurayi ne ke kawowa ranar da manyansa suka zo, a ajiye ta cikin kwalinta a tsakiyar falo gaban iyaye mata. Idan yarinya ta miƙa hannu ta ɗauka, ta amsa ke nan, sai guɗa. Ba a tambayarta da baki. Haka aka yi wa yayata Nafisatu da ke aure a Ngong, haka aka yi wa 'ya'yan baffannina kaf. Mai tsaron wannan doka ita ce Goggo Kaltumi, yayar Baba, wadda ta riƙe mu tun rasuwar Mamanmu. A wajen Goggo, ba wa budurwa babbar waya daidai yake da cire ƙyauren ɗakinta.

Ranar farko a makaranta, delegen ajinmu, wato shugaban aji, wani siririn saurayi mai suna Maxime, ya tsaya gaban allo ya ce kowa ya ba da lambar WhatsApp. Darasi, canjin lokaci, jarrabawa, komai ta gurup ake sanarwa. Ina jin ana ta jero lambobi na tura choronkona can ƙasan jaka na danne ta da hijabi. Da ya zo kaina, bakina ya ƙi furta cewa ba ni da ita. Lamba ɗaya na haddace a duniya bayan ta Baba. Sai na ba shi lambar Kamilu.

Kamilu ɗan abokin Baba ne. Kayan moto, wato babur, yake sayarwa, yana saro su daga Kuseri. Ya kusa shekara yana zuwa zance wajena, ban ce ina so ba, ban ce ba na so ba, na dai ce ya bari in gama karatu. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kyau, ya iya saka shadda, kuma tun daga bakin layi turarensa ke yin sallama kafin shi. Da na gaya masa abin da na yi, dariya ya yi har da buga cinya.

"Shi ke nan, daga yau ni ne sakatarenki."

Da farko abin har daɗi yake min. Bayan La'asar zai kafe motonsa a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, in fito masa da ruwan folere, wato zoɓo, mai sanyi, ya buɗe waya ya karanta min saƙonnin ajinmu. Faransancinsa na kasuwa ne, yana yi yana tuntuɓe. In na ce ya ba ni in karanta da kaina sai ya janye hannu.

"Bari mana, ai ina iyawa."

Wayar ba ta taɓa barin hannunsa ba. In kuma ya tafi Kuseri saro kaya, na zama kurma ke nan sai ya dawo. Sau nawa na hau moto da sassafe na je makaranta na tarar da aji a kulle, an mayar da darasin yamma tun jiya, kowa ya sani sai ni. In zauna a baranda ni da awakin mai gadi.

Kada ku ɗauka daƙiƙiya ce ni. A lise, wato sakandare, sha bakwai cikin ashirin na ci a darasin kwamfuta. A kan allo aka koya mana, malaminmu ya zana madannai a jikin kwali muna dannawa da yatsa. Kwamfuta ɗaya ce a makarantar, tana ofishin shugaba an lulluɓe ta da zane kamar amarya. Ko daga barci aka tashe ni zan jero muku sunan kowane ɓangare nata. Amma a sabuwar makarantar, ranar da Monsieur Arnaud, malamin lissafinmu, ya kai mu ɗakin kwamfuta ya ce kowa ya buɗe sabon shafi, sai na ɗaga linzamin kwamfutar sama na nuna shi ga allon ina dannawa.

Diane ce a gefena, mai dogayen farata ja. Ta tuntsire da dariya har sai da kowa ya juyo.

"Ma sœur, ba rimot ɗin telebijin ba ne fa!"

Monsieur Arnaud ya zo ya tsaya a kaina, ya sauke tabarau.

"Mademoiselle, daga wane ƙarni kika taho?"

Duk ajin ya ɗauki dariya. Mutum talatin da wani abu, babu ko ɗaya da ya kama hannuna ya ce ga yadda ake yi. Tun ranar in aka ce a raba aiki rukuni-rukuni, ni ce ta ƙarshe da ke saura, sai malami ya cusa ni wani wuri ana tsaki. Na tsani ajin nan, kuma ban ɓoye musu ba.

To mu zo kan Litinin ɗin da ta wuce.

Ina shiga aji na ji an yi tsit, sai kuma aka fara ƙus-ƙus. Wani daga baya ya yi kaurin murya ya ce, "Ga Nasiha mai gemu ta iso." Maxime ya taso, fuskarsa babu alamar wasa, ya ajiye wayarsa a kan teburina.

"Saurari kanki."

Ya danna. Muryar Kamilu ce, rabi Fulatanci rabi Faransanci, yana huci.

"Kai Maxime kake ko wa? Wace ce ma chère ɗinka? Wannan lambar ta mijinta ce. Ka sake kiran sunanta, in zo har makarantar in karya maka ƙafa."

A cikin gurup ya saka, kowa ya ji, sannan ya fice. Saƙon da ya jawo wannan masifa kuwa layi ɗaya ne: "Nasiha ma chère, ke kaɗai ba ki amsa ba, jarrabawar Monsieur Arnaud ranar Asabar ce, ta intanet." Ma chère ɗin nan "masoyiyata" ne da Faransanci, amma Maxime ko mai makala, wato fanke, a bakin ƙofa haka yake ce mata.

"Wace Asabar?" na ce.

"Shekaranjiya. Kin ci sifiri."

Jama'a, ranar Juma'a Kamilu ya zo. Ya sha folerena kofi biyu. Na tambaye shi ko akwai saƙo, ya ce babu komai sai shirmen yara.

Jarrabawar nan rabin makin darasin ce. Wanda ya ci sifiri a ciki ya maimaita shekara, ni kuma kun ji sharaɗin Baba. Na bi Monsieur Arnaud har ofis, na tsaya ina murɗa gefen mayafi.

"Monsieur, ba ni da waya."

"Mai gyaɗa a bakin titi ma yana da waya."

"A gidanmu…"

"Ba gidanku nake koyarwa ba." Ya daɗe yana juya biro, sannan ya ce, "Alhamis, ƙarfe huɗu, minti talatin. Ki turo min hotonki daga lambarki, a wayarki, in turo miki lien ɗin shiga shafin jarrabawar. Ba na son ganin lambar wani ƙato. Daga wannan babu wata."

Na haɗiye girman kaina na je wajen Diane. Waya biyu gare ta, ɗaya don hoto kawai.

"Ki ara min ɗaya ranar Alhamis, don Allah."

Ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Don mijinki ya zo ya karya tawa ƙafar? Non, merci."

Na tambayi wasu biyu, amsar ɗaya ce. Muryar Kamilu ta riga ta rufe min kowace ƙofa.

Da magariba na sami Baba a tsakar gida kan darduma, rediyo a gefensa, Goggo tana firfita masa kunun gyaɗa. Su biyun duka choronko suke riƙewa, kuma Baba har yau sai ya miƙa wa yaran shago su nemo masa lamba. Na durƙusa.

"Baba, waya nake roƙo. Babba. Don jarrabawa."

"Littafi nawa kike so? A kawo miki gobe."

"Ba littafi ba ne, Baba. A cikin wayar ake yin jarrabawar."

Goggo ta ajiye ludayi.

"Jarrabawa a cikin waya! Malamin a ciki yake zaune? Nasiha, da furfurata za ki mayar da ni sakarai?"

"Wallahi Goggo…"

"Rufe min baki da rantsuwa. Rawar banza kike son koyo ki watsa mu a duniya, shi ne kika laƙaba wa jarrabawa."

Baba ya rage muryar rediyo.

"Ni na ga makarantar nan da idona. Da aji, da benci, da allo. In a waya ake karatun, ginin na mene ne?" Ya ɗauki kofinsa. "Hanyar waya a gidan nan ɗaya ce, kin kuma san ta."

Ban yi kuka a gabansu ba. Sai da na shiga ɗaki na cusa fuskata a filo.

Ranar Talata Kamilu ya zo kamar bai yi komai ba, cikin shadda ruwan toka, hula a karkace. Ban fito da folere ba. Ko ruwan randa ban kawo ba.

"Yau babu sannu da zuwa?"

"Me ya sa ka ɓoye min?"

"Na ɓoye me?"

"Kamilu, kada ka raina min hankali. Na ji muryarka. Duk ajin sun ji."

Ya gyara zama a kan moto.

"To sun ji. Wata shida ina karanta miki saƙon ƙattai. Wannan ya turo dariya, wancan ya turo fure. Ina shago abokaina na leƙa wayata suna tambaya ko na koma makarantar 'yan mata. Ni ɗan aikenki ne?"

"Kai ka ce kai sakatarena ne."

"Na ajiye aiki."

"Sai ka faɗa min ka ajiye! Ka san abin da Baba ya ce. Ka san in na faɗi shi ke nan."

"In kin faɗi sai me? Gida za ki rasa?"

Ya faɗe ta a sauƙaƙe, kamar farashin taya.

"Da gangan ka yi."

Sai ya sassauta murya, irin muryar da a da take sa in rasa inda zan saka idona.

"Nasiha, wayarki tana shagona wata biyu ke nan. Sabuwa fil a kwali, ruwan zinare. Na saka sabon layi, na zuba mata data, komai na shirya miki. Ke kawai nake jira. Ki ce su zo, su zo."

"Jarrabawata Alhamis ce."

"Ai na ji." Ya yi murmushi. "Alhamis rana ce mai kyau."

Na shige gida na bugo ƙofa har sai da Goggo ta yi salati. Washegari na kira Nafisatu a Ngong, ta ce wayarta tana hannun maigidanta ya tafi da ita Ngaundere. Na kira Maxime, bai ɗauka ba. Na zauna na yi lissafi, ni da lissafi ne karatuna, ta ko'ina na biyo amsa ɗaya nake samu. Da yamma na ce wa Goggo ta aika su zo.

Alhamis bayan Azahar suka iso, gwaggon Kamilu da ƙannen mamarsa biyu, da goro da alawa da turamen atamfa. Maza suka zauna a zaure, Baba da mahaifin Kamilu da limamin unguwa. Goggo ta sa na saka leshi mai ruwan goro, ta fesa min turare har na yi atishawa. Aka shimfiɗa sabuwar darduma, aka ajiye kwalin a tsakiya.

Sai gaisuwa. Kun san gaisuwar mutanenmu. Ina gida, ina yara, ina zafi, ina wance, ta haihu kuwa, Allah ya raya. Aka juya da Fulatanci aka sake daga farko. Ni kuwa kaina a sunkuye, suna cewa kunya ce, alhali agogon bango nake kallo ta ƙasan ido. Huɗu saura kwata. Saura goma.

Ban jira Goggo ta yi min alama ba. Na miƙa hannu na ɗauki kwalin.

Guɗa ta tashi har kunnena ya yi ƙara. Gwaggon Kamilu tana dariya tana cewa, "Kai, wannan amarya da zumuɗi take!" Na ji kamar in kwaɗa mata kwalin.

Goggo ta yarda a kira Kamilu bakin ƙofar falo ya nuna min yadda ake kunnawa. Ya karɓa, ya yi 'yan danne-dannensa da sauri, ya ɗauke ni hoto ya tura lambar Monsieur Arnaud da na karanto masa. Lien ya shigo, ya danna, shafi ya buɗe.

"Ga shi, amarya. Allah ya ba da sa'a."

Na fizge na shige ɗaki na tura ƙofa.

Tambaya goma ce, da wurin rubuta amsa a ƙarƙashin kowace. Ina karantawa zuciyata ta yi sanyi, domin babu wadda ban sani ba. Sai na yi abin da aka koya min tun firamare, abin da aka dake mu a kansa da bulala: ba a taɓa takardar jarrabawa sai an gama aiki a buruyon, takardar gwaji, sannan a kwafe da tsabta. Na yago takarda, na kwafe tambayoyin, na ajiye wayar a kan gado a hankali kamar ƙwai, na duƙufa. Biro yana gudu. Ban taɓa yin lissafi mai kyau kamar na ranar ba. Na gama, na duba, na ga da sauran lokaci isasshe na kwafewa.

Na ɗauki wayar. Baƙi ƙirin.

Na ɗauka ta mutu. Na danna gefe, sai ga hoton Kamilu cikin farar shadda yana min murmushi, a ƙasa kuma zanen yatsa. Babu wanda ya taɓa gaya min cewa waya tana rufe kanta in an ajiye ta. Choronkona ko kwana ta yi, ka danna ta amsa. Na ɗora babban yatsana, ta yi kyarma ta ƙi. Na ɗora manuni. Na goge hannu a leshi na sake. Na gwada hagu. Sai ta rubuto min in jira kafin in sake gwadawa.

Ban san lokacin da na fita ba. Babu mayafi, babu takalmi, waya a hannu ɗaya buruyon a ɗaya. Na ratsa matan nan suna kirana, na faɗa zaure.

Na tarar liman ya ɗaga hannu yana addu'a. Kowa tafinsa a sama. Baba ya ganni kai a buɗe gaban surukai, idonsa ya yi ja, amma bai iya magana ba. Na miƙa wa Kamilu wayar.

"Buɗe min," na ce a hankali. "Don Allah buɗe min."

Ya kalle ni ta saman yatsunsa.

"Amin," ya ce.

Liman ya yi wa ango da amarya addu'a. Ya yi wa iyaye. Ya yi wa mamata, ya yi wa kasuwa, ya roƙi damina mai albarka, ya roƙi zaman lafiya a ƙasa. Kowace gaɓa Kamilu sai ya ja amin ɗinsa da ƙarfi. Hannu ɗaya kawai zai sauke, daƙiƙa ɗaya. Ina tsaye a gabansa hawaye na zuba a kan leshi, bai sauke ba.

Aka shafa Fatiha. Ya karɓi wayar, ya goge babban yatsansa a jikin shadda, ya ɗora. Nan take ta buɗe, kamar kare ya ga ubangidansa. Na leƙa. Shafin ya zama fari, da jan rubutu layi biyu da Faransanci: lokaci ya ƙare, ba a aiko da amsa ko ɗaya ba.

"Nasiha!" Muryar Baba ce. "Ina mayafinki?"

Goggo ta iso tana haki, ta damƙi hannuna tana ba maza haƙuri, wai farin ciki ne ya ruɗa yarinya. Ta ga takarda a hannuna ta zare ta.

"Yauwa, dama ina neman abin da zan ƙunsa wa liman goro."

Ina kallo ta zuba goro a kan amsoshina goma, ta naɗe, ta murɗe bakin, ta miƙa da hannu biyu. Liman ya sa albarka ya jefa a aljihu.

A lokacin ne wayar ta yi ƙara. Wayata, wadda na ba da amsar aurena a kanta. Tana hannun Kamilu. Ya duba, ya daɗe yana motsa leɓe yana haɗa kalmomin, sannan ya ɗago ya dube ni a gaban Baba, da murmushin nan nasa na ƙarƙashin darbejiya.

"Malaminki ne," ya ce. "In karanta miki?"